Daga balaga zuwa tsufa: me ake gani a zahiri?

Malamar jagoranci: Assalamu alaikum. A 1950 masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya kasa rayuwa mataki takwas, huɗun ƙarshe daga balaga zuwa tsufa. Masu aiki da jama'a, kowa ya kawo abin da yake gani. Na fara da 'yan shekara 12 zuwa 18, masu neman sanin ko su wane ne. Yaro ya sauya aski, yau likita zai zama gobe ɗan ƙwallo, duk lafiya ce. Abin tsoron shi ne shiru-shirun da aka zaɓa wa komai bai ce uffan ba. Wani masanin, James Marcia, ya siffanta irinsa a 1966: ya tsaya kan matsaya bai laluba ba. A ba yaro zaɓi biyu ko uku cikin abin da iyaye suka aminta, sakamakon kuma a bar masa.

Mai sasanta ma'aurata: Wa alaikumus salam, Malama. Daga 18 zuwa 40 batun kusanci da wani ne. Shiru-shirun nan wurinmu yake ƙarewa, don wanda bai san kansa ba ba ya iya buɗe wa wani cikinsa. Alamar ita ce gida ɗaya, amma hira ba ta wuce cefane da kuɗin makaranta. Mukan fara da sa su hirar minti 15 kullum, waya a ajiye, ban da zancen kuɗi.

Jami'in walwala: Daga 40 zuwa 65 batun renon na baya ne, kuma ba sai da haihuwa ba, kafinta mai yaran shago ma yana ciki. Matsalar ma'aikacin gwamnati a Najeriya, ritaya na zuwa a shekara 60 ko bayan 35 na aiki, da sauran ƙarfinsa. In ba a tanadar masa abin riƙewa ba, ko da kwamitin masallaci ne, sai zaman benci da faɗa da yara.

Nas: Yallaɓai ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Babban kuskuren iyali shi ne "Baba ka huta". A karɓe masa makullin sito, a daina shawara da shi, ana ganin gata ne. Tsoho a mataki na takwas, daga 65 zuwa sama, lissafin rayuwarsa yake yi, ko ya gamsu ko ya yi da-na-sani, shi ya sa yake maimaita labari. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya kira wannan bitar rayuwa a 1963. Kada a ce "ai mun ji". A kawo tsohon hoto, a yi tambaya ɗaya, a yi shiru. In ya ambaci wanda suka ɓata, a nemi hanyar sada su.

Amma a bambance: maimaita labarin shekara 40 daban, maimaita tambayar da aka amsa minti biyar da suka wuce daban. Na biyun, ko daina cin abinci da wanka, asibiti ake kai shi.

Malamar jagoranci: Sista, wanda ya haura 80 fa?

Nas: Joan, matar Erikson, ta ƙara musu mataki na tara a 1997. Jiki ya yi rauni, kunyar dogaro da wasu ta dawo. Ko maɓallin riga ne, in zai iya, a bar shi ya ɓalla da kansa.