Wace kalma za mu sa wa "hill station"? Gobe da ƙarfe goma za a ɗauki shirin

Mai Fassarar Rediyo:
Assalamu alaikum malamai. Ina da rubutun shiri na minti 12 kan wuraren hutu a Indiya, gobe da ƙarfe goma na safe za a ɗauka. Abu biyu sun tsaya mini a wuya. Na farko "hill station", ta fito sau tara, ana nufin garuruwa irin su Shimla da Darjilin da Uti. Na biyu, rubutun ya rarrabe "national park" da "wildlife sanctuary" da "tiger reserve", ni kuwa gandun daji kaɗai nake da shi, duk a ciki na zuba su. Na rubuta "tashar tsauni", na karanta da ƙarfi, kunnena ya ƙi karɓa. A taimaka don Allah.

Hajiyar Tikiti:
Wa alaikumus salam. Ƙanena goge tashar nan tun da wuri. Bahaushe ya ji tasha, 'yan kamasho yake gani da masu lodi. Mai sauraro zai ɗauka wurin sauke fasinja ne a kan dutse. Waɗannan kuwa garuruwa ne sosai, da kasuwa da otal-otal da makarantun kwana. Ka ce "garin shan iska na kan tsauni".

Malamin Daji:
Kafin a zaɓi kalma a fahimci aikin garin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na sauka da kusan digiri 6 da rabi. Delhi ba ta wuce mita 200 da 'yan kai daga matakin teku ba, Shimla kuwa tana wajen mita 2,200. Ka ga an sami ragin kusan digiri 13 ke nan. A watan Mayu da Delhi ke wuce digiri 40, wanda ya hau Shimla sai ya nemi bargo da dare. Abin da ya sa Turawan Ingila suka mai da ita mazaunin gwamnati na lokacin zafi a 1864 ke nan, duk shekara a kwashi ma'aikata da takardu a hau, zafi ya karye a sauko. Kalmar da ba ta nuna gudun zafi da hawa sama ba, ba ta kama abin ba.

Baban Ƙamus:
Madalla da Malamin Daji, ya share mini fage. Hausa ba ta da talaucin da za a jera kalma shida don abu guda. Muna da tsarin sunan wuri: karanta, makaranta. Jeme, majema. Saƙa, masaƙa. Lokacin zafin Indiya, Afrilu zuwa Yuni, shi ne bazararmu. A ɗauki bazara a yi mata aikatau, bazarta, wato yin bazara a wani wuri. Wurin kuwa MABAZARTA. Jam'i mabazartu. Kalma ɗaya, gaɓa huɗu, babu aro ko na ƙwayar zarra. Makiyaya ai suna da mashekari, ba wanda ya ce musu sun yi ƙage.

Hajiyar Tikiti:
Baba ranka ya daɗe, mabazarta a rediyo? Rabin masu saurare za su ji kamar wurin taron zawarawa ne, sauran su ɗauka inda ake bazar da kuɗi ne. Na biyun ma dai ba su yi ƙarya ba.

Baban Ƙamus:
Hajiya, haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya kafin ta zauna. Kunne sabo yake bi.

Na Gadarif:
Larabawa sun daɗe da gama wannan. Suna cewa masif, wurin da ake yin lokacin zafi. Haka ake kiran Ɗa'ifa, wadda mutanen Makka ke hawa in zafi ya tsananta, alhazai da yawa sun san ta. Nan Sudan ma akwai Arkawit a duwatsun Bahar Maliya, Turawa can suke gudun zafi. In za a yi aro, gara a ara daga inda muka saba ara.

Ɗan Mambila:
Malam, so kake mai gabatarwa ya ce "ku zo mu tafi masif"? Ƙara wasali ɗaya kawai, an shiga masifa. Ba mai sayen tikiti.

Ni damuwata "tsauni" ce. Darjilin a kan ƙashin bayan dutse take, gidaje sun rataya a gefe, tsauni ya dace da ita. Amma Gembu da Nguroje a kan shimfiɗaɗɗen tudun Mambila suke, sai ka gama hawan da ke bayan Serti sannan ƙasa ta buɗe maka kamar faifai. Jos ma haka, wajen mita 1,200. In kalmar za ta yi aiki bayan shirin gobe, ya kamata ta ɗauki irin waɗannan ma.

Malamin Daji:
Tudu ba zai yi ba. Tudun Wada nawa ne a ƙasar Hausa? Ba wanda ke zuwa can don sanyi. Mutane ai "tsaunin Mambila" suke cewa, ba a taɓa samun ruɗani ba. A bar tsauni.

Ɗan Maraɗi:
In tarihi za a bi, kalmar tana nan tun tuni: bariki. Inda Bature ya keɓe kansa nesa da gari, nan ne bariki. Akwai unguwa a saman Freetown ta Saliyo mai suna "Hill Station", an gina ta ne don Turawa su guje wa sauro da zazzaɓin cizonsa. Faransawa ma sun yi nasu, Dalaba a Gini, Dschang a Kamaru. Barikin tsauni, shi ke nan. Kuma a riƙa tunawa ba Kano kaɗai ke jin rediyo ba. Duk lokacin da aka zo neman kalma sai a yanke a Kano a aiko mana, kamar mu ba a cikin Hausar aka haife mu ba.

Baban Ƙamus:
Bariki daga bakin Bature ta fito, tasha ma haka. Kun gudu daga aro kun faɗa aro. Kuma wa zai kai iyalinsa hutu bariki? Ka san abin da ake nufi in an ce 'yar bariki. Batun Kano kuwa, daidaitacciyar Hausa ba Kanawa suka ƙaƙaba wa kowa ba, yarjejeniya ce ta rubutu.

Ɗan Maraɗi:
Yarjejeniyar da aka yi ba mu wurin. Ku ce mako mu ce sati, ku ce burodi da biro, ba wanda ya ce kun ɓata harshe. Mu in mun ce lakwal ko lokotoro sai a yi murmushi. Aron Ingilishi ya zama Hausa, aron Faransanci ya zama abin dariya.

Baban Ƙamus:
To ka ga dalilin mabazarta ke nan. Ba ta Ingila ba, ba ta Faransa ba, daga Damagaram har Zariya kowa ya san bazara.

Hajiyar Tikiti:
Baba akwai matsala a kalmarka wadda ta wuce dariya. Ta kulle garin a lokaci guda. Shimla da Manali cika suke a Disamba da Janairu saboda masu zuwa kallon ƙanƙara. Kuma wannan lokacin yana da haɗari, ya kamata shirin ya faɗa. A Janairun 2022 ƙanƙara ta rufe hanyar Murree a Pakistan, motoci suka maƙale, sama da mutum 20 suka rasu a cikin motocinsu. Da yawansu hayaƙin inji ne ya kashe su: an rufe gilashi, an bar mota a kunne don ɗumi, ƙanƙara ta toshe salansa, hayaƙin ya dawo ciki, ga shi gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ka ce wa mai saurare mabazarta, ya tafi a Janairu da rigar shan iska?

Wani lokacin kuma da za a gaya musu su kiyaye shi ne damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba. Ƙasa na zaftarewa ta rufe hanya, mutum ya kwana biyu a inda bai yi niyya ba, jirgin komawarsa ya tashi ya bar shi.

Mai Fassarar Rediyo:
Ina biye da ku. Amma malamai ƙarfe tara ta wuce, ba a taɓa tambayata ta biyu ba.

Malamin Daji:
Wannan ta fi sauƙi, kuma ta fi muhimmanci, don doka ce ta raba su. Da farko kada ka ce gandun daji kawai. A wurinmu gandun daji na iya zama inda aka keɓe don itatuwa, ba ko gada a ciki. Ka ce gandun namun daji. Daga nan:

"National park", babban gandun namun daji na ƙasa. A dokar Indiya ta 1972 ba a kiwo a cikinsa sam.

"Wildlife sanctuary", mafakar namun daji. Farauta haramun ce, amma hukuma na iya barin mutanen yankin su yi kiwo gwargwado.

"Tiger reserve", gandun kare damisar Indiya, kashi biyu ne. Tsakiyar da aka fi tsaurarawa, ka ce ƙuryar gandu. Zoben da ya kewaye ta, inda akwai ƙauyuka da gonaki, muna da kalma tsohuwa da ta yi masa daidai: hurumi. Yadda hurumin gari ke kewaye da gari, haka wannan.

Kada ka sa "na ƙasa" a kan kowanne. Yankari misali ce: an keɓe ta a 1956, ta zama ta tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Dajin bai canza ba, sunan ya canza, mai karɓar kuɗin ƙofa ya canza.

Ɗan Mambila:
Hurumi ta yi. Saura dabbar kanta. Damisa mai ɗigo-ɗigo ce, wadda muke da ita. Ta Indiyar da ake kare wa daji mai ratsi ce, ta fi girma nesa ba kusa ba, kuma duka biyun suna zaune a gandun Corbett. In ka kira su duka damisa, jimlar da ta ambace su tare ta lalace.

Malamin Daji:
Damisa mai ratsi a ambaton farko, ɗayar damisa mai roɗi-roɗi. Ya wadatar.

Ga abin da ya kamata ya shiga shirin ko da rubutun asali bai kawo ba, don mutane kan haɗa garin sanyi da gandu a tafiya ɗaya su ɗauka ka'idarsu ɗaya ce. Gari kana shiga duk sa'ar da ka so. Gandu yana da ƙofa da lokaci. Corbett, wanda aka kafa a 1936, daga garin Ramnagar ake shigarsa, kuma sashen Dhikala buɗe yake daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Yuni kawai. Izinin shiga ta intanet ake nema tun kafin ranar, da lambar fasfo, kuma fasfon nan za a duba a ƙofa. Suna ya saɓa, sai a dawo da kai. Zagaye biyu ake yi a rana, na asuba da na yamma, a buɗaɗɗiyar jif mai ɗaukar mutum shida, da ɗan jagora, ba sauka daga mota sai inda aka yarda.

Mai zuwa Uti daga Maisur kuwa ta cikin gandun Bandipur da na Mudumalai zai ratsa, kuma ana rufe hanyar Bandipur daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe saboda dabbobi. Wanda ya makara a bakin shinge zai kwana. Gajeriyar hanyar da ta bi ta Masinagudi tana da kwana 36 masu lanƙwasa kamar ƙugiya. In gangarowa ake, da giya ta ɗaya ko ta biyu ake yi. Wanda ya dogara da birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Direban Mambila ya san wannan karatun.

Hajiyar Tikiti:
A ƙara da jirgin ƙasa. Daga Kalka zuwa Shimla kilomita 96 ne amma awa biyar ake yi, ana ratsa ramukan dutse sama da 100, tun 1903 yake aiki. Na Uti daga Mettupalayam yake tashi da sassafe, kilomita 46, shi ma kusan awa biyar. Kujerun kaɗan ne, ana kamawa tun makonni kafin tafiya. Kuma ƙanena ka bar "Uti" yadda ka rubuta, kada mai karatu ya tsaya yana jan wasali.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa mutane: lokacin da ya fi daɗin zama ba shi ne ya fi nuna dabbobi ba. Sai ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, sannan suke taruwa a mashaya. Afrilu da Mayu a Indiya, kamar yadda giwayen Yankari ke matsowa kogin Gaji a ƙarshen rani. Shi ya sa ake fara shan zafin gandu kwana biyu, sannan a hau tsauni a huce.

Baban Ƙamus:
Kun gani? Afrilu da Mayu. Bazara dai. Kuna ta kewaye-kewaye kuna dawowa kan kalmata.

Mai Fassarar Rediyo:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta. Ambaton farko: "garuruwan shan iska na kan tsauni, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka kafa don gudun zafi". Sauran takwas ɗin: "garin tsauni". Gandun namun daji, mafaka, ƙurya da hurumi duk na ɗauka yadda Malamin Daji ya tsara. Baba ka yi haƙuri, mabazarta sai an yi mata bayani, kuma ba ni da sakan ɗin bayanin.

Baban Ƙamus:
"Garin tsauni" bayani ne, ba kalma ba ce. Duk ƙauyen da ke kan dutsen Gwoza ma garin tsauni ne, ba wanda ya kafa shi don hutu. Amma tunda ƙarfe goma za a ɗauka, je ka. Ni dai na rubuta tawa na ajiye da kwanan watan yau.

Ɗan Maraɗi:
Ni ma ban janye bariki ba. A wurin tarihin dai ita ce gaskiya.

Ɗan Mambila:
Akwai "safari" a rubutun? In akwai kada ka bar ta haka. Safara a kunnen mutane yanzu ta miyagun ƙwayoyi ce.

Mai Fassarar Rediyo:
Sau huɗu ta fito. Na sa "zagayen kallon namun daji", amma ya yi tsawo, shirin ya haura da sakan 20. Mai gajeriya ya taimaka kafin asuba.