Abin da aka tattauna kan shuka ciyawa ta hanyar feshi

Ga abin da na tsinto game da fesa iri da aka kwaɓa da ruwa, taki da dusar katako:

1. Kowa ya yarda a share duwatsu, a daidaita ƙasa tukuna.
2. Ban-ruwa ne ginshiƙi. Sau 2 ko 3 a rana, kaɗan-kaɗan, na makonni biyun farko. In ƙasa ta bushe, iri ya mutu. In ruwa ya kwanta, ya wanke shi.
3. Kada a taka sai bayan wata guda.
4. Yankan farko sai ciyawar ta kai santimita 8, a rage sulusi kawai.

An rabu kan maganin kashe ciyayin da ba a so: wasu sun ce a sa shi bayan yanka uku, wasu sun fi son cirewa da hannu. Ni ina tare da na biyun.