In share kukis ɗin burauza gaba ɗaya ko in bar su? Ina neman shawara

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfuta ɗaya muke amfani da ita ni da ƙanena, da burauzar Chrome. Kwanaki na bincika maganin wata larura ta mata, tun daga nan duk shafin da aka buɗe sai tallarsa ta fito. Jiya yaron yana karanta labarin ƙwallo sai ga ta a gefe, ya kalle ni, na kalle shi. An ce in share kukis. To amma imel ɗina da shafin wurin aikina tun bara suke a buɗe a ciki, kuma ban riƙe kalmomin sirrinsu a kai ba. In na share zan rasa su? Kwamfuta nake nufi, ba waya ba.

Abu Zaid: Wa alaikumus salam. Ki koma iPhone ki huta. Tun 2020 burauzarta, Safari, take toshe kukis na masu bibiya ba sai kin taɓa komai ba.

Maman Iman: Malam, kwamfuta na ce.

Dogo: Ai yaron ya riga ya gani. Ko kin share kukis, wa zai share masa ido?

Injiniya: Malama, kar ki share komai tukuna. Kuki ɗan guntun bayani ne da shafi yake ajiyewa a burauzarki don ya gane ki in kin dawo, shi ya sa imel ɗinki ba ya tambayarki kalmar sirri kullum. Wannan na shafin da kika shiga ne da kanki, yana da amfani. Masu bin ki da talla kuwa na kamfanonin talla ne da suke laɓe a cikin dubban shafuka, suna haɗa abin da kika duba a nan da abin da kika duba a can. In kika share duka, shafuka za su fitar da ke, sai kin sake shiga. Don haka ki fara buɗe ma'ajiyar kalmomin sirri ta Chrome ki ga ko an adana naki. Za ta nemi lambar buɗe kwamfutar kafin ta nuna miki. Ki kwafe su a takarda. Sannan ki shiga saiti, sashen sirri da tsaro, ki toshe kukis na ɓangare na uku kawai, wato na kamfanonin tallar nan. Shi kuma ƙanen naki ki buɗe masa nasa furofayil a burauzar, kowa da nasa kukis ɗin.

Gwaggo Asabe: 'Yata, ki ji tsoron wannan maɓallin na sharewa. Ni ɗan yayana ne ya ce kwamfutata ta yi nauyi, bari ya wanke mini ita. Ina zaune kusa da shi ya bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alama, har da na kalmomin sirri, ya zaɓi tun farkon lokaci, ya danna. Washegari na buɗe imel, aka ce in sa kalmar sirri. Babu. Aka ce za a turo lamba ta waya, ashe tsohon layina ne a jiki, wanda ya ɓata tun tuni har an ba wa wani. Na kira lambar, wani mutum ya ɗauka, na yi masa bayani, ya ce ni 'yar damfara ce ya kashe. Kuma ban ga laifinsa ba. Na cike fom ɗin neman dawo da akawun har na gaji, amsa ɗaya ce kullum, wai ba su iya tabbatar da cewa ni ce ba. Babu ɗan Adam ɗaya da za ka yi wa magana a kamfanin. Takardun aikina suna ciki, hotunan marigayiya mahaifiyata suna ciki. Yaron ko a jikinsa, wai ai kwamfutar ta yi sauri.

Ummu Salma: Allah ya jiƙanta da rahama, Gwaggo. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Abu Zaid: Akwai masu dawo da irin wannan akawun, Gwaggo, sai dai da ɗan tsada. Wani abokina ya biya an dawo masa da nasa.

Injiniya: Kar ki ba kowa ko sisi. Neman dawo da akawun kyauta ne, kuma kamfanin ne kaɗai yake iya yi. Mai karɓar kuɗi ko dai fom ɗin nan zai cike miki, ko ya gudu da kuɗin.

Gwaggo Asabe: An riga an karɓa, ɗana. Mutum biyu. Na biyun ma ya ninka na farkon.

Dogo: VPN kawai za ki sa, Maman Iman, manhajar nan mai ɓoye mutum a intanet. Kyauta ne, ni da shi nake yawo.

Ummu Salma: Wane kyauta? Nawa duk wata sai na biya. Wasu na kyautan ai bayananka suke sayarwa su ci riba.

Injiniya: Na kyauta da na kuɗi duk ba sa taɓa kuki. Adireshin intanet ɗinki suke ɓoyewa. Tallar za ta biyo ta da VPN ɗin a kunne.

Abu Zaid: Kai komai aka faɗa sai ka ce ba haka ba. Mu da muke kwance kwamfuta muna ɗaurawa ba mu sani ba, sai kai mai dogon rubutu?

Injiniya: Gyaran allo daban, saitin burauza daban, Malam. Tambayar da ta yi ka amsa ta?

Malam Habu: Ku yi haƙuri da juna. Ni shafin Incognito nake buɗewa in zan duba abin da ya shafi lafiya. Da na rufe, kukis ɗin sun tafi, tarihin bincike ma ba ya zama. Amma kar a ɗauka ɓuya ce, kamfanin da ke ba ka intanet da wurin aikinka suna iya ganin shafin da ka shiga. Kuma Malama, in kina cikin akawun ɗinki na Google lokacin da kika yi binciken, toshe kukis kaɗai ba lallai ya kori tallar ba. Sai kin shiga saitin talla na akawun ɗin kin kashe tallar da ake keɓance miki.

Ummu Salma: Ni abin da ya ishe ni shi ne allon nan na neman amincewa da kukis da ke tare fuska a kowane shafi. Maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙin amincewa kuwa sai ka shiga ciki ka yi ta kashe su ɗaya-ɗaya.

Malam Habu: Dokokin Tarayyar Turai ne suka jawo allon, ya kuma yawaita bayan dokarsu ta kare bayanai, GDPR, ta fara aiki a watan Mayun 2018. Wannan wayon da kike faɗa, a kansa hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin tarar Google Yuro miliyan 150 da Facebook Yuro miliyan 60 a Janairun 2022, don ƙin amincewa ya fi amincewa wahala a shafukansu.

Maman Iman: Na duba ma'ajiyar, na imel yana nan, na wurin aiki babu. Yanzu in toshe ɗin ko in jira Litinin wurin aikin su sake mini wata kalmar sirrin?

Dogo: Ku bar ta kukis ma. Shekaranjiya da baki kawai muka yi hirar katifa da matata, ban rubuta komai ba, da yamma sai ga tallar katifa. Wayoyin nan suna sauraronmu ne ko ba sa yi? Injiniya, fito ka musa wannan ma.