An ce 'yata na da PCOS, sai ga kitse a hanta: wa ya taɓa gani?

Maman 'Yan Biyu, Kinkinau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwana biyu ina juya maganar nan a raina kafin na kawo muku ita. Babbar 'yata shekararta 16. Ta fara al'ada tana da 12, amma har yau abin bai zauna ba, sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta gani ba. Ga ƙuraje a fuska, ga gashi ya fara tsiro mata a haɓa, bayan wuyanta kuma ya yi baƙi ƙirin. Allah Ya yafe mini, na sha sa ta dirje wuyan nan da soso har ya yi ja, ina cewa ƙazanta ce. Likitar mata ta ce PCOS ne, wato rikicewar sinadaran jiki da ke shafar jakar ƙwai. Wannan bai ba ni mamaki ba, don ƙanwar babanta ta yi fama da shi. Abin da ya kaɗa mini hantar cikina shi ne hoton ciki da ya nuna kitse a hantarta ita. Ni a sanina mashaya giya ke samun wannan. Sannan likitar ta dage da tambayar me take ci, yaya bayan gidanta yake, wai hanji ma yana da hannu. Don Allah me ya haɗa hanji da hanta da al'ada? Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Uwargida, Rigasa:
Wa'alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, tawa ma haka aka gani tana 17. Sai dai mu da ƙari a kai. Ashe ita da ƙawayenta na makaranta suna haɗiyar sha-ka-fashe a ɓoye, wai suna son cika. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, mu kuma muna murna yarinya ta yi kumari. Likita ya ce maganin nan kaɗai ya isa ya hargitsa al'ada, ya ɗaga suga, ya tara kitse a hanta, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ya riƙa rage mata. Ki zauna da taki ku biyu, ba da faɗa ba, ki tambaye ta.

Anti Nas, Unguwar Rimi:
Maman 'Yan Biyu, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni kaina da PCOS na girma, sai da na kai 24 aka gane. Kusan mace 1 cikin 10 na da shi, yawancinsu ba su ma sani ba.

Abubuwan da kika lissafa saiwarsu ɗaya ce. Akwai sinadarin insulin, shi ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka. A jikin yawancin masu PCOS tsokar ba ta jin maganarsa sosai, sai jiki ya yi ta ƙara zubo shi. Yawan insulin ɗin nan shi ke zuga jakar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima, daga nan gashin haɓa, ƙuraje da rikicin al'ada. Shi ke sa hanta ta riƙa mayar da suga kitse tana ajiyewa. Shi ne kuma baƙin wuyan, ba dauɗa ba ce, soso ba ya fitar da shi. Idan kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, shi ne ake cewa akwai kitsen hanta, ko da mutum bai taɓa jin warin giya ba.

To ga inda hanji ya shigo. Jinin da ke tasowa daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, wata babbar jijiya ce ke kai shi hanta tukuna. Ki ɗauki hanta kamar shingen kwastan, duk kayan da suka fito daga hanji sai an sauke su a gabanta. A cikin babban hanji akwai ƙwayoyin bakteriya tiriliyoyi, kuma abincinsu shi ne harzar da mu ba ma iya narkarwa, irin ta wake, ganye da dusar hatsi. In sun samu, sai su samar da wasu sinadarai da ke ciyar da bangon hanji su ƙarfafa shi. In kullum farar shinkafa ce da burodi da lemon kwalba, masu amfanin sai su ragu, bangon ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa tsallakawa zuwa hanta yana tayar mata da kumburi. An yi bincike kan 'yan mata masu PCOS da ƙiba a Amurka, aka ga masu kitsen hanta tsarin bakteriyar hanjinsu ya bambanta da na marasa shi. Wanne ke fara jawo wanne, masana na kan aikin tantancewa, shi ya sa ba a rubuta wa kowa maganin hanji a matsayin maganin PCOS.

Abu ɗaya kada ki bari ya wuce: a yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B da C. A ƙasar nan nau'in B ya yi yawa, bai kamata a ɗora komai kan kitse ba a duba shi ba.

Ɗaliba, Kawo:
Mama, bari in yi magana ta ɓangaren yarinyar, don ni shekarata 19 kuma ina 15 aka gano nawa. Abin da ya fi mini ciwo ba cutar ba ce, bakin mutane ne. A Islamiyya ana ce mini mai gemu. Wata gwaggona a gaban jama'a ta ce ai irinmu ba ma haihuwa, na kwana ina kuka, alhali ƙarya ne, da yawa suna haihuwa, wasu da taimakon magani.

An ba ni metfomin, maganin da ke taimaka wa jiki ya ji insulin. Satin farko kamar in jefar da shi, ga tashin zuciya ga gudawa. Na koma, aka rage mini, aka ce in riƙa sha a tsakiyar cin abinci, sai ciki ya lafa. Abin da na bari da wuya shi ne zoɓon makaranta da kunun aya mai suga, ina shan gora biyu a rana ina ganin ai na gida ne, ba lemon kanti ba. Ashe sugan duk ɗaya ne, kuma rabinsa irin wanda hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa shi. Yanzu karin safena ɗanwake ne ko ƙosai da koko ba suga, da rana faten tsaki da rama ko dambu da zogale. Ranar Asabar ni da yayana muna zagaya Murtala Square, sauran ranaku kuma na daina hawa Keke daga bakin titi zuwa gida. Ban rame can ba, kilo 6 na sauke daga 78 a cikin wata takwas, amma gwajin hantata ya dawo daidai, al'ada kuma tana zuwa duk bayan kwana talatin da wani abu.

Baban Yara, Tudun Wada:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Ina da kemis, kuma laifinmu na ciki. Yarinya ta ce ciki na ciwo, uwa ta zo ta ce a ba ta maganin taifot, a haɗa mata Flagyl da sifro ba gwaji. Bayan wata biyu a sake. Magungunan nan ba sa tambayar wace bakteriya ce ta kirki, shara suke yi gaba ɗaya. Tawa 'yar sai da aka yi mata haka sau huɗu a shekara guda, a shagona, da hannuna.

Hajiya Babba, Badarawa:
Ni dai jikata kindirmo na dage mata da shi, da fura ba suga. Akwai kuma wani haɗin wankin hanta da ake sayarwa a jarka, maƙwabciyata ta ce yana narkar da kitsen cikin sati biyu. Ko a gwada?

Anti Nas, Unguwar Rimi:
Hajiya, kindirmon na yarda da shi, matuƙar an dafa madarar kafin a kwantar, don ɗanyen nono na iya ɗauko wata cutar. Jarkar nan kuwa a bar ta inda take. Duk abin da aka sha hanta ce za ta tace shi, kuma na ga waɗanda irin haɗin nan ya kwantar idonsu ya yi shar rawaya. Haka kafso masu tsada da ake tallatawa a Instagram wai suna gyara bakteriyar hanji, kuɗinsu gara ya tafi kan wake da kuɓewa da gwanda a Kasuwar Barci. Abin da aka tabbatar yana rage kitsen hanta shi ne sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki a hankali, da motsa jiki. Ƙanwata ta Kawo, lissafinki ya faɗa ciki daidai.

Wani abu ga iyaye masu ƙananan 'yan mata: shekarar farko bayan fara al'ada rikicewa ba komai ba ne, kuma hoton ciki kaɗai ba ya tabbatar da PCOS a wannan shekarun, don jakar ƙwan yarinya lafiyayya ma kan nuna ƙananan ƙulle-ƙulle. Amma in ta wuce kwana 90 ba ta gani ba, a kai ta.

Maman 'Yan Biyu, Kinkinau:
Allah Ya saka muku da alheri. Jiya bayan isha'i na zauna da ita kamar yadda 'yar uwata ta Rigasa ta ce. Ba ta shan komai, alhamdulillahi, amma ta ce tun bara take rufe wuyanta da hijabi ko a cikin gida saboda maganata. Na ba ta haƙuri. Gwajin B da C ranar Litinin za mu je. Matsalata yanzu babansu, wanda ba ya shigowa gida sai da katan ɗin lemo, kuma 'yan biyun ba za su yarda a hana su ba, tunda ita kaɗai ce ke ciwo. Ɗiyata ta Kawo, ke yaya kuka yi da naku gidan?