Me ya sa ake gina tashar gas da ke wuni a kashe?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa akwai tashoshin lantarki masu amfani da iskar gas waɗanda ba a tayar da su sai buƙatar wuta ta kai ƙololuwa, har wasunsu ba sa aiki ko kashi 10 cikin 100 na sa'o'in shekara. Abin ya tsaya mini a rai. Shin wannan ba ɓarnar dukiya ba ce?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wajibi ne wutar da ake samarwa ta yi daidai da wadda ake sha a kowace daƙiƙa, domin idan buƙata ta rinjaya, bugun babban layi, wato yawan kai-komon da wutar ke yi a cikin wayoyi, yakan faɗi ƙasa da sau 50 a daƙiƙa (ko 60 a Amurka), daga nan sai a fara yanke wa unguwanni wuta. Da magariba jama'a sun koma gida sun kunna fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki, sola kuma ta ja baya, a nan ne waɗannan tashoshi ke shigowa. Wasu injinansu daga injin jirgin sama aka samo su, kamar LM6000 na kamfanin GE, wanda ke kai cikakken ƙarfinsa cikin kimanin minti 10. Na sha tsayawa gaban allo ina kallon lambobin megawat, ma'aunin ƙarfin wuta, suna hawa, alhali babbar tasha mai tukunyar tururi, in ta huce, sai ta ɗauki sa'o'i, saboda ƙarfenta yana buƙatar ɗumama sannu a hankali don kada ya tsage.

Malama Mai Lissafi:
Gaskiya ne, Malam, amma saurin yana da tsada. Irin wannan inji yakan mayar da kusan kashi 35 zuwa 40 na makamashin gas zuwa lantarki, sauran zafin ya bi bututun hayaƙi, yayin da tashar da ke dafa tururi da wannan zafin don samar da ƙarin wuta take kaiwa kusan kashi 60. Abin da ya fi damuna shi ne, ranar tsananin zafi, lokacin da aka fi buƙatarsa, ƙarfinsa yakan ragu domin iskar da yake zuƙa ta yi sakayau.

Mai Kishin Muhalli:
Kada mu manta da maƙwabtan tashoshin, waɗanda ke shaƙar hayaƙin. A jihar Kalifoniya ta Amurka manyan batura sun karɓi wani ɓangare na aikin magariba, sai dai yawancinsu sa'o'i 4 suke riƙewa, don haka idan zafi ko sanyi ya ɗauki kwanaki ana komawa ga gas ɗin.