Karatun zane a jami'a: ilimi ne ko asarar kuɗi?

Alhaji Sani Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. 'Yar ƙanena ta kafe wai sai sashen zane-zane na Jami'ar Legas za ta cike a JAMB, tarihin fasaha take so. Na ce wa ubanta kada ya yarda. Aikin hannu ba a koyon sa a aji. Masu ɗinkin aska takwas na Agege wace jami'a suka je?

Malama Binta: Wa alaikumus salam. Alhaji, ai ba ɗinki za a koya mata ba. Masanin tarihin fasaha shi ne za a ajiye wa abu a gaba ya faɗi inda ya fito, da zamaninsa, na gaske ne ko jabu. Gidan tarihi na Onikan tun 1957 yake nan, su wa kake jin ke kula da kayan ciki?

Alhaji Sani Mile 12: Mutum nawa gidan zai ɗauka aiki, Malama?

Usman Idi-Araba: Nan kam Alhaji ya kama ki. Da an taɓa maganar sai a ce ai an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu fam miliyan 1.2 a Landan a 2018. To mutumin ya rasu tun 1994. Yawancin masu wannan digiri koyarwa suke ƙarewa.

Malama Binta: Koyarwar laifi ce, Usman? Ni ita nake yi. Darasin al'adu da fasaha dole ne a firamare da ƙaramar sakandare, amma ka leƙa makarantu ka gani, sau da yawa duk malamin da ba shi da aji shi ake tura wa. Ya zana kofi a allo ya ce yara su kwafa, an gama. A garin nan Aina Onabolu ya yi ta fama har aka shigar da zane cikin darussan makarantun Legas, shekara ɗari ke nan, mu har yanzu muna gardama ko karatu ne.

Malam Habu: Ni ba kuɗi ne damuwata ba. Yarinya Musulma, a sa ta sassaƙa mutum-mutumi ko zana surar mutane fa?

Malama Binta: Allah gafarta Malam, fannin yana da rassa: saƙa da rini, ginin tukwane, zanen kwamfuta, da tarihin kansa. Amma ga abin da ke ci mini rai. A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, wanda ya dawo ya shugabanci sashen zane a kwalejin Yaba. A ƙasarmu suka yi karatu suka yi suna, duk waɗannan da na lissafa 'yan Kudu ne. Kuma cikin birnin nan na Zazzau ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa. Ga zayyanar Alƙur'ani, ga zanen gidaje, ga marinar Ƙofar Mata a Kano. Da yawa daga rubuce-rubucen da ke kan waɗannan, baƙi ne suka yi su, daga baya mu dawo muna ƙorafin ba a faɗi daidai ba.

Alhaji Sani Mile 12: To ciro naira 20 ki juya bayanta. Ladi Kwali wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane, ga ta a jikin kuɗi.

Hajiya Ladidi: Alhaji, labarin bai tsaya nan ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, wadda Bature Michael Cardew ya kafa. Can aka fara fitar da aikinta Turai. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Alhaji Sani Mile 12: Madalla. Jami'a ce ta bi ta ke nan, ba ita ta bi jami'a ba.

Usman Idi-Araba: Alhaji dai ba a kayar da shi 😂 Ni shawarata, in har za ta yi, ta haɗa da takardar koyarwa, ta kuma iya zanen kwamfuta. Masu buga fosta na Mushin da Shomolu kullum cikin neman hannu suke.

Malam Habu: Malama, ba ki amsa ni ba. Shekarar farko da ake haɗa ɗalibai duka, ana iya tsallake darasin zanen mutum ko dole ne?

Malama Binta: Wannan sai uban ya ɗauke ta su je Akoka, inda jami'ar take, su tambayi shugaban sashen baki da baki, tun kafin a rufe rajista.

Alhaji Sani Mile 12: Su je. Ni dai ba da kuɗina ba.