Gyaran ƙwayoyin halitta da maganar olsa da kansar ciki

Abin da na tsinta a hirar majalisarmu nan Gombe: maganar gyara ƙwayoyin halitta a warkar da kansar ciki har yanzu tana matakin gwaji, duk wanda ya ce yana sayar da ita a raba shi da kuɗinku.

Olsa kuwa ba sai an je can ba, yawanci ƙwayar cuta ce mai zama a ciki da ake kira H. pylori ko yawan shan diclofenac da ibuprofen, ayi gwaji, in an ga ƙwayar a sha antibayotik da omeprazole na sati 2 kuma don Allah a shanye duka, ƙwayar nan in ta daɗe tana iya jawo kansa.

Baƙin kashi, aman jini, rama ba dalili, a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH) Gombe a leƙa cikin da kyamara.